Kwamfutar Randagi: Wadda Za Ta Jure Ko Wadda Ake Yayi?

Tun da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024 ya sake buɗe kasuwar shanun da ta daɗe a garƙame, hankalin jama'ar masarautar ya fara komawa kan abubuwan da rashin tsaro ya hana a ko yi tunaninsu: wace makaranta za a gyara, wane asibiti za a mayar wa ma'aikata, wane shago zai sake buɗewa. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga yana da masu shakka a kansa, kuma shakkar tasu tana da dalili. Amma muddin hanya ta ci gaba da biyuwa, cikin kayan da za su riƙa shiga Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Kuyello akwai kwamfutoci. Wasu ɗan siyasa zai kawo a matsayin aikin mazaɓa, wasu hukumomi irin su NITDA, wasu kuma matashi ne zai sayar da buhunan masararsa ya sayo ta gwanjo a Kaduna ko Kano don ya buɗe shagon buga takardu. A duk cinikin nan ana tambayar girman ram da ƙarfin batir da ko allon ya taɓa fashewa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, da kuma ranar da masu ita za su daina kula da ita. Ra'ayina shi ne, a gari irin Randagi, babbar manhajar da ta dace ita ce wadda ba ta yawan sauya kama amma masu ita suna ci gaba da toshe mata kafofin ɓarayi na tsawon shekaru. Wadda ke zuwa da sabon abu kowane mako ba ta dace da mu ba, haka ma wadda masu ita suka riga suka yi watsi da ita.

Masu ƙera waɗannan manhajoji sun kasu gida biyu, kuma rabuwar tasu ta daɗe. Gida na farko na masu sauri ne. Arch Linux ba ta ma da wani zubi na shekara kaza, duk abin da ya fito sabo sai ta turo wa masu amfani da ita cikin 'yan kwanaki. Fedora tana fitar da sabon zubi kusan duk wata shida, kuma kowane zubi ana kula da shi na kimanin wata 13 ne kawai. Windows 11 tana zuwa da babban sauyi sau ɗaya a shekara, ban da gyare-gyaren da Microsoft ke turowa ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma a bugun da talakawa ke amfani da shi kowane zubi wa'adinsa wata 24 ne. Gida na biyu na masu bi a sannu ne. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, sai an yi kusan shekara biyu take fitar da sabon zubi: na 12 ya fito a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025, kuma kowanne yana samun kulawar kimanin shekara biyar. Ubuntu, ta kamfanin Canonical da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, tana fitar da zubi mai dogon wa'adi a watan Afrilun kowace shekara biyu, kuma na 24.04 zai kai 2029. Linux Mint 22, da aka gina a kansa, shi ma 2029 ne. Ya kamata a fahimci abin da ake nufi idan an ce waɗannan sun fi tsayuwa. Kowace manhaja tana iya tsayawa cak wata rana. Abin da na gida na biyu suka yi alkawari shi ne cewa abin da ya yi aiki ranar Asabar zai yi aiki ranar Lahadi kamar yadda aka bar shi: firinta za ta buga, maɓallin da malami ya koya wa ɗalibai yana nan inda yake, fayil ɗin bara zai buɗe.

Wanda ke zaune a Legas ko Landan yana ganin sabunta manhaja kyauta ce, domin ya danna ne kawai ya tafi shan shayi. A Randagi kowace sabuntawa tana da farashi, kuma ana biya ta hanya uku. Akwai kuɗin data, wanda ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, alhali fayil ɗin saka Windows 11 kaɗai ya haura gigabait 5. Akwai wuta. Babbar sabuntawa tana iya cin sa'a guda ko fiye a tsohuwar na'ura, tana rubuta maka a allo cewa kada ka kashe, kuma mafi yawan kwamfutocin gwanjo batirinsu ya riga ya gaji. In janareto ya mutu a tsakiyar aikin, na'urar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kowace sa'a ta janareto kuɗi ce da mai shago ke ji a jikinsa. Na uku, kuma shi ya fi nauyi, nisan mai gyara ne. Kwamfutar da ta ƙi tashi a Randagi sai an ɗaure ta a bayan babur zuwa cikin garin Birnin Gwari, in abin ya gagara a can sai Kaduna, a kan hanyar da kowa ya san irin tarihinta. Mutanen yankin sun daɗe da sanin wannan lissafi a wajen sayen babur: ba sa neman wanda ya fito bana, suna neman wanda kowane makanike a bakin tasha zai iya kwance shi ya mayar, kuma ana samun kayan gyaransa a kasuwar gari. Lissafin kwamfuta bai bambanta ba.

Sai kuma abin da ba a so a tuna. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a sassan jihar da ke fama da 'yan bindiga, ciki har da Birnin Gwari, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Zamfara ta riga ta yi haka tun farkon Satumbar. Kusan wata biyu babu sabis. A Oktoban 2024 kuma mafi yawan Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ba fata ake yi ba, amma duk wanda zai zaɓa wa makaranta ko asibiti manhaja a wannan yanki dole ya tambayi kansa yadda za ta kasance in irin haka ta sake faruwa. Manhajojin da ake biya wata-wata, irin su Microsoft 365, suna buƙatar leƙa intanet kusan duk wata don su tabbatar da rijistarsu, in ba su samu ba sai su rage abin da suke bari a yi. Windows 11 ta gida tana neman intanet da asusun Microsoft tun a lokacin saka ta. Manhaja mai sauri irin Arch, in ta yi wata biyu ba a sabunta ta ba, ranar da sabis ya dawo za ta tarar da ɗaruruwan sauye-sauye suna jiranta lokaci guda, kuma a irin wannan tarin ne abubuwa suka fi karyewa. Debian ko Mint za ta tarar da faci na tsaro ne kawai, ta ɗauka ta ci gaba.

Kada a ɗauka tsoron sabon abu ne na ƙauyanci. Manyan kamfanonin duniya ma sun sha ƙonewa. A Oktoban 2018 Microsoft ta fitar da babbar sabuntawa ta Windows 10 sannan ta janye ta cikin 'yan kwanaki, saboda ta goge wa wasu mutane fayilolinsu. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin gyara ga abokan cinikinsa a lokaci guda, sai kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka ƙi tashi. Filayen jirgi da bankuna da asibitoci suka tsaya, kamfanin jiragen Delta na Amurka ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, kuma da yawa daga na'urorin sai da ma'aikaci ya je gaban kowacce da hannunsa kafin ta farfaɗo. Waɗancan suna da injiniyoyi a hawa na biyu na gininsu. Mu ma a gida mun ga namu. A Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure a jarrabawar shiga jami'a, wanda ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har sai da suka sake zama. Tushen matsalar shi ne wani gyara da aka yi wa manhajar bai isa wasu na'urorin yadda ya kamata ba. Gyaran da kansa an yi shi ne da kyakkyawar niyya. Darasin shi ne taɓa na'urar da mutane suka dogara da ita, a lokacin da suke tsakiyar dogara da ita, abu ne mai haɗari ko da a hannun ƙwararru.

Akwai wani misali da ya fi nuna amfanin jinkiri ƙarara. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta nesa tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa wani da ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa a aikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, har aka amince da shi, ya dasa ɓoyayyar kafar shiga a cikin sababbin zubinta guda biyu. Gurɓataccen zubin ya riga ya isa rassan gwaji na Debian da Fedora da wasu manhajojin masu sauri. Bai isa tsayayyen zubin Debian ba, bai kuma isa zubin Ubuntu mai dogon wa'adi da mutane ke amfani da shi a lokacin ba, domin a can sabon abu sai ya yi watanni a hannun masu gwaji kafin a ba shi hanya. Waɗanda ke gaba su ne suka taka ƙayar. Duniya tana buƙatar irinsu, domin da babu masu gwada sabo da ba a gano komai ba, kuma matashin da ke koyon shirya manhaja yana da na'urarsa ta kansa to ya shiga sahunsu, zai ƙaru sosai. Amma kwamfuta ɗaya tilo da ke riƙe da sunayen ɗaliban makarantar sakandare, ko bayanan allurar rigakafi na gunduma guda, ba ita za a sa a sahun gwaji ba.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan ra'ayi ita ce ta tsaro: ai tsohuwar manhaja ita ce ɓarayi suka fi sanin kafofinta. Gaskiya ne, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, domin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Shiga shagunan buga takardu da yawa a Arewa za ka tarar da Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, mai shagon kuma yana yabonta cewa ba ta damunsa da sabuntawa. Ba ta damunsa ne saboda babu mai kula da ita kuma. A Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta sa asibitocin gwamnatin Ingila soke ganin likita kusan 19,000, alhali Microsoft ta fitar da facin da zai toshe kafar tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗauki facin ba. To, abin da gidan masu bi a sannu ke yi shi ne raba faci da sauyi. Idan aka gano kafa a wata manhaja, masu kula da Debian ko Ubuntu sukan ciro gyaran kafar kaɗai daga sabon zubi su ɗora shi a kan wanda mutane ke amfani da shi, ba tare da sun kawo sauran sauye-sauyen ba. Na'urar ta samu kariya, kamanninta da halinta kuma suna nan. Wanda ya ce shi kwamfutarsa ba ta shiga intanet don haka ba ruwansa, ya tuna da filas. A shago ɗaya filas nawa ake sokawa a rana, daga na ɗalibi zuwa na sakataren ƙungiya? Duk mai shago ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa buɗewa, kuma ba ta intanet ta shigo masa ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin Windows 10 ya cika, bayan shekara goma da fitowarta. Microsoft ta buɗe ƙarin shekara ɗaya ta facin tsaro ga waɗanda suka yi rijista, zuwa 13 ga Oktoban 2026. Hanyar da kamfanin ya nuna ita ce a koma Windows 11, amma ita tana da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, da firosesa wadda a ɓangaren Intel galibi sai daga ƙarni na takwas zuwa sama, wato na'urorin da aka ƙera daga wajen 2018. Da yawa daga HP da Dell da Lenovo na gwanjo da ake sayarwa a kasuwanninmu sun girmi haka, ko da yake lafiyarsu ƙalau kuma za su iya aikin rubutu da lissafi na wasu shekaru. Bugu da ƙari, ofisoshin Turai da Amurka da ke sauke irin waɗannan na'urori saboda sun gaza sharaɗin, sanannen abu ne inda kayansu ke ƙarewa. Za su iso mana da araha, kuma arahar za ta ja mutane. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗɗan su cusa Windows 11 da ƙarfi, sai dai Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta yi wa irin wannan na'ura alkawarin samun sabuntawa ba. Wanda ya bi wannan hanya ya haɗa wa kansa wahala biyu, yawan sauyi da rashin tabbacin kariya. Akwai bugun Windows mai dogon wa'adi da ake kira LTSC, wanda aka yi wa kamfanoni da injuna, amma lasisinsa ba na mai shagon Randagi ba ne, kwafin sata da ake sakawa a kasuwa kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa. Ga tsohuwar na'ura mai lafiya, Linux Mint ko Debian halal ce, kyauta ce, kuma tana da ranar ƙarewa da aka rubuta aka sanar.

Wuri ɗaya ne na yarda sabo ya fi, kuma ba ƙaramin wuri ba ne: burauza. Kusan duk abin da ke kawo wa mai shago kuɗi yanzu ta nan yake bi, daga rijistar jarrabawa da duba sakamako zuwa neman aikin soja ko ɗan sanda, kuma bayanan asibitocin ƙasar nan a dandalin DHIS2 ake tattara su, wanda shi ma ta burauza ake shiga. Shafukan nan ba sa jiran kowa. Chrome ya tsaya a zubi na 109 ga masu Windows 7 tun farkon 2023, kuma a hankali shafuka suna ƙin buɗewa daidai a irin waɗannan na'urori. Amma wannan ba hujja ba ce ta sabunta komai. Masu tsayayyun manhajoji sun riga sun ware burauza daga dokar jinkirinsu: Mint tana turo sabon Firefox da zarar ya fito, Debian tana bin zubinsa mai dogon wa'adi tana sabunta shi da facin tsaro. Idan ana buƙatar sabon zubin wata manhaja guda, akwai tsarin Flatpak da ke ba da damar saka ta ita kaɗai ba tare da an taɓa ginshiƙin ba. Haka nan wanda ya sayi sabuwar firinta ko sabuwar na'ura, Ubuntu tana ƙara wa zubinta mai dogon wa'adi sanin sababbin kayan aiki lokaci-lokaci. Saboda haka zaɓin bai zama dole ya kasance ko duka ko babu ba.

Wata sukar ita ce ta abinci, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Mai shagon da ke zana katin biki da fostar siyasa da CorelDRAW yake ci, ita kuwa ba ta da zubin Linux. Akwai Inkscape da ke yin irin aikin, akwai LibreOffice a madadin Word da Excel, amma fayil ɗin da abokin ciniki ya kawo ba kullum yake buɗewa yadda aka tsara shi ba, kuma masu manyan injinan bugu a Kaduna fayil ɗin Corel suka saba karɓa. Wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsa da wasu manhajojin hukumomi ma Windows kaɗai suka sani. Wanda sana'arsa ta rataya a kan waɗannan ya zauna a Windows, ba jayayya. Abin da ra'ayin nan ke nema daga gare shi shi ne ya ƙara kuɗi ya sayi na'urar da ta cika sharuɗɗan Windows 11 da gaskiya, ya nuna mata cewa datarsa ta awo ce don kada ta riƙa sauke manyan kaya da kanta, ya ɗauki facin wata-wata, ya kuma jinkirta babban sauyin shekara har sai wasu sun gwada shi na wasu watanni. In yana da tsohuwar na'ura ta biyu, ita ce za a sa wa Mint ta riƙa aikin intanet da karɓar filas ɗin jama'a. Ka'idar ɗaya ce ko wane kamfani aka bi.

Sukar da ta fi ba ni tunani ita ce: wa zai gyara? A cikin Birnin Gwari za a samu mai yi wa Windows fomatin ido rufe, amma mai sanin Linux sai an tona. Tunda na ce nisan mai gyara shi ne babban farashi, dole in yarda cewa manhajar da ba wanda ya iya a kusa tana da nata haɗarin, komai tsayuwarta. Kuma Najeriya ta taɓa ganin irin wannan. A 2007 an yi cinikin ƙananan kwamfutocin makaranta 17,000 ƙirar Classmate na kamfanin Intel ɗauke da Mandriva Linux ta Faransa, aka yi ta cece-kuce a kan ko za a goge ta a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ana ta gardamar wane kamfani zai yi nasara, kamfanin Mandriva kuma ya rushe a 2015. Abin da zan ɗauka daga nan shi ne a guji manhajar da rayuwarta ta rataya a wuyan ƙaramin kamfani ɗaya, a zaɓi wadda ta shekara ashirin ko talatin tana cika alkawarin wa'adinta, sannan kada a sauke kwali a makaranta a juya ba tare da an koya wa kowa komai ba. Inda abin ya yi nasara, mutane aka fara ginawa. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana tafiyar da makarantun gwamnatinta a kan Linux da aka gina bisa Ubuntu, kuma malaman makarantun da kansu aka horar su zama masu kula da na'urorin. Jandarmomin Faransa sun fara sauya manhajar rubutu da burauza tun suna kan Windows, sai da ma'aikata suka saba sannan daga 2008 suka fara komawa Ubuntu mai dogon wa'adi a dubban ofisoshinsu. Matasan da suka koyi kwance wayar Android da sake mata manhaja a bakin kasuwa, ba tare da wani ya kai su aji ba, ba za su kasa koyon saka Mint cikin mako guda ba. Abin da ya rage shi ne a samu mai biyan kuɗin wannan makon.

Masu cewa za a bar yaranmu a baya in ba a ba su abin da ake yayi ba, su dubi abin da yaran ke fuskanta a zahiri. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ta fara gwada nata da masu zaman kansu a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO kan wannan tafarki. Yaron Randagi da zai zauna gaban allo a cibiyar jarrabawa, abin da zai cece shi shi ne hannunsa ya saba da madannai da linzami, idonsa ya saba karatu a allo, zuciyarsa ta daina bugawa in ya ga agogo yana ƙirga lokaci. Wannan sabo sa'o'i yake buƙata a gaban na'urar da ke tashi kullum. Ɗakin kwamfuta mai na'ura ashirin da sha biyar suka mutu a zangon farko bai koya wa kowa zamani ba. Kuma ga masu son yaran su rubuta harshensu daidai, tsarin madannan Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ yana nan cikin Debian da Mint kamar yadda yake a Windows, sai dai a kunna shi.

Nauyin yana kan masu sayen da yawa: ƙaramar hukuma, ma'aikatar ilimi ta jiha, 'yan majalisar da ke kawo aikin mazaɓa, da ƙungiyoyin ci gaban masarauta. A takardar kwangila a rubuta sunan babbar manhajar da zubinta da shekarar da kulawarta za ta ƙare, kuma kada a karɓi wadda ta rage mata ƙasa da shekara uku. Duk na'urorin makaranta ɗaya su zama iri ɗaya, don in ɗaya ta lalace a kwafo mata daga 'yar'uwarta da filas ba sai an je Kaduna ba. A ware rana ɗaya a wata ta ɗaukar faci, da rana tsaka lokacin da sola ke da ƙarfi, a fara da na'ura ɗaya a ga yadda ta kwana kafin a bi sauran, kuma kada a taɓa komai a makon jarrabawa ko makon rufe rahoton wata. Cikin kuɗin kwangilar a saka horar da malami biyu da mai gyara ɗaya daga cikin garin, waɗanda ba za a yi musu canjin wurin aiki gobe ba. Makarantu da asibitocin da ke da Windows 10 a yanzu kuma a bi su a ƙirga, a ware na'urorin da suka cika sharuɗɗan Windows 11 da waɗanda ba su cika ba, domin ko waɗanda aka yi wa rijistar ƙarin wa'adi, facin na ɗan lokaci ne kawai ga masu bugun gida, kuma sauya wa makaranta guda manhaja aiki ne na lokacin hutu da ya kamata a sa masa rana tun da wuri.